Wuƙaƙe Biyu a Kicin Ɗaya: Shari'ar Darlie Routier da Ta Raba Kan Texas

Da misalin ƙarfe biyu da rabi na daren 6 ga Yunin 1996, wata mata ta buga lambar neman agajin gaggawa daga garin Rowlett da ke gefen birnin Dallas, a jihar Texas ta Amurka. Tana ihu tana haki, ta ce wani mutum ya shigo musu gida, ya daddaɓa wa 'ya'yanta wuƙa, ita ma ya yanke ta. Sunanta Darlie Routier, shekarunta 26. Babban ɗanta Devon, mai shekara 6, nan take ya cika a falon gidan. Ƙaninsa Damon, mai shekara 5, yana numfashi sama-sama lokacin da ma'aikatan lafiya suka iso, amma rai ya yi halinsa. Mijinta Darin yana barci a bene tare da jaririnsu, su biyun ba abin da ya same su.

Kwana 12 bayan haka 'yan sanda suka kama uwar yaran. A watan Fabrairun 1997 kotu ta yanke mata hukuncin kisa. Tun daga ranar take zaune a gidan yarin mata na Gatesville, tana nanata cewa ba ita ta kashe 'ya'yanta ba.

Babu wanda ya ga kisan da idonsa. Ba ta taɓa amsa laifi ba, kuma ba a kama wani baƙo ba. Abin da ya rage a hannun kotu shi ne kayan da aka tarar a kicin: wuƙar yankan nama, wuƙar yankan burodi, wurin wanke-wanke, fasasshen tambulan, da injin shara da aka samu a kife. Waɗannan kaya su aka mayar shaidu, kuma kusan kowane ɗaya daga cikinsu ana iya yi masa fassara biyu.

Abin da ta ce ya faru

Darlie ta ce a daren ita da yaran biyu sun kwana a falon ƙasa, gaban talabijin, saboda motsin jaririn yana hana ta barci a sama. Ta farka ta ga wani mutum sanye da baƙaƙen kaya da hular hana-sallah. Ya juya ya bi ta kicin, ya ratsa ɗakin wanki, ya faɗa gareji, ita kuma ta bi bayansa. A ƙasa ta tsinci wuƙar da ya yar, ta ɗauka ta ajiye a kan kantar kicin. Sai da ta kunna fitila ta ga jini yana zuba daga jikinta.

Raunukanta ba na wasa ba ne. An yanke ta a wuya, yankan da ya tsaya milimita 2 kacal daga babbar jijiyar da ke kai jini ga ƙwaƙwalwa. An soke ta a hannu da kafaɗa, kuma bayan kwanaki hannayenta suka yi baƙi ƙirin da taruwar jini. A gareji kuwa an samu ragar taga a tsage, kamar ta nan wani ya shigo.

Amma tun da safiyar ranar, wani tsohon jami'in binciken wuraren aikata laifi mai suna James Cron, wanda 'yan sandan Rowlett suka gayyato, ya zagaya gidan na ɗan lokaci ya ce babu baƙon da ya shigo. Ƙurar da ke bakin tagar tana nan yadda take. Babu ɗigon jini a gareji ko a bayan gida, alhali wanda ya yi irin wannan ta'asa ba zai fita fes ba. Zobuna da sauran gwala-gwalan Darlie suna ajiye a fili a kan kantar kicin, ba wanda ya taɓa su. Daga wannan safiya bincike ya karkata zuwa cikin gida.

Wuƙar da aka yi kisan da ita

A kicin ɗin Amurkawa da yawa akwai wani guntun katako mai ramuka da ake soke wuƙaƙe a ciki, kowace da raminta. Wuƙar da aka samu jina-jina a gidan Routier daga irin wannan katako ta fito, na kicin ɗin gidan. Masu gabatar da ƙara suka kama wannan da hannu biyu. Wane ɗan fashi ne zai shiga gidan mutane da tsakar dare hannu rabbana, sai ya lalubi wuƙa a kicin ɗinsu, ya kashe yara biyu masu barci, ya bar babba da rai, sannan ya fita bai ɗauki ko tsinke ba?

Tambaya ce mai nauyi, kuma har yau ita ce ta fi damun masu goyon bayan Darlie. Lauyoyinta sun amsa da cewa ɓarayi da masu fyaɗe sukan ɗauki makami a gidan da suka shiga, musamman in an farka an gan su. Wuƙar ta tabbatar da cewa makashin ya shiga kicin. Ba ta faɗi ko ɗan gida ba ne ko baƙo.

A nan ne matsalar kayan kicin take idan sun zama shaida. Da a ce bindiga ce, sai a bi lambarta a gano wanda ya saya. Wuƙar girki kuwa kowa a gidan ya taɓa ta, kuma matar gida ta fi kowa riƙe ta. In an samu zanen yatsanta a ƙota, ba abin mamaki ba ne. In ba a samu na kowa ba, wani zai ce an goge, wani ya ce jini ne ya lalata shi. A wannan shari'ar ba a samu zanen yatsa mai amfani a ƙotar ba. Ita Darlie ma, tun tana kan waya da mai karɓar kiran gaggawa, da aka ce mata kada ta taɓa komai, sai ta ce ai ta riga ta ɗauki wuƙar, ta kuma nuna damuwa cewa da an samu zanen yatsan mutumin. Masu gabatar da ƙara suka ce uwar da 'ya'yanta ke mutuwa a gabanta ba za ta tuna da zanen yatsa ba, sai dai in tana share wa kanta hanya. Lauyoyinta suka ce mai karɓar kiran ce ta fara kawo maganar taɓa kaya, ita amsa kawai ta bayar.

Gwajin jini ya ƙara ɗaure kai. A wuraren da aka gwada a jikin wuƙar an samu jinin Darlie da na Damon, ba a samu na Devon ba. Wasu suka ce wannan yana nuna akwai wuƙa ta biyu da baƙon ya tafi da ita. Wasu suka ce jinin baya ne ya rufe na farko.

Wuƙar da ba ta da jini ko ɗigo

Shaidar da ta fi yi wa Darlie illa ba wuƙar kisan ba ce. Wuƙar burodi ce mai haƙora, wadda aka tarar a soke cikin raminta, tsaf da ita.

Wani masanin binciken ƙananan burbushi a Dallas, Charles Linch, ya duba ta a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Ya ce ya ga wani siririn zaren gilashi da ƙurar roba a haƙoranta. Ragar tagar gareji kuwa da zaren gilashi aka saƙa ta, aka lulluɓe da roba. Ya yanka irin ragar da wuƙar don gwaji, ya ce burbushin da ya fito ya yi daidai da wanda ya gani.

In haka ne, labarin baƙo ya rushe. Ba yadda za a yi mutum ya shiga gida ya ɗauko wuƙa, ya koma waje ya tsaga raga don ya samu hanyar shiga, sannan ya mayar da wuƙar mazauninta. Wanda ke ciki ne kawai zai yi haka, don ya ƙirƙiri hanyar shigowar wanda bai taɓa zuwa ba.

Sai dai a lokacin ɗaukaka ƙara lauyoyin Darlie sun kawo wani bayani. 'Yan sanda suna neman zanen yatsa ne da wani lallausan burushi da suke baɗa hoda da shi, kuma da yawan irin wannan burushi da zaren gilashi ake yin su. An bi kayan gidan da burushi, har da katakon wuƙaƙen. Suka ce zaren yana iya zama daga burushin ya faɗo, ko kuma burushin ne ya kwaso shi daga taga ya kawo kicin. Gwamnati ta dage cewa zaren burushin ya bambanta da wanda aka samu a wuƙar. Abin da ake jayayya a kansa ya fi gashin kai siranta, kuma a kansa ne ran mutum ya rataya.

Akwai dalilin da ya sa mutane suke ɗari-ɗari da wannan shaida. Shi wannan masani ya taɓa duba wani farin gashi da aka samu a jikin tagar, ya ce ya yi kama da na Darlie. Da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta na DNA, sai ga shi na wata 'yar sandan Rowlett ne da ta yi aiki a gidan. Wannan ya nuna abu biyu: ido da madubi suna iya yin kuskure, kuma masu binciken da kansu sun bar sawunsu a wurin.

Wurin wanke-wanke, tambulan da injin shara

Masu bincike sun fesa wani sinadari mai suna luminol a wurin wanke-wanke, wanda yake walƙiya cikin duhu a duk inda jini ya taɓa zuba ko da an goge. Wurin ya haska. A ƙasa, daidai inda mai wanke-wanke ke tsayawa, akwai jinin Darlie da yawa. Gwamnati ta ce a nan ta tsaya ta yanki wuyanta da kanta, sannan ta ɗauraye wurin. Ita kuma ta ce tawul take jiƙawa a famfo tana kai wa yaran, jininta na zuba, ruwa na wanke shi.

Tambulan ɗin da ya fashe a ƙasan kicin an tarar da ɓaraguzansa a kan jini, ba a ƙarƙashinsa ba, wato bayan jinin ya zuba ne ya fashe. Ƙafafunta kuma, duk da ba takalmi, ba su da yanka. Injin shara ma an same shi a kife a kan sawun ƙafarta mai jini. Ga masu gabatar da ƙara, wannan shiri ne na wadda take son a ga kamar an yi kokawa. Ga lauyoyinta, wuri ne da miji, da 'yan sanda, da ma'aikatan lafiya suka yi ta kai-kawo a guje suna neman ceton rai, suna ture abin da ya tare musu hanya, kafin a killace shi.

Sannan ga rigar barcinta. Tom Bevel, masanin fasalin ɗigon jini, ya shaida cewa ƙananan ɗigon jinin yaran da ke bayan kafaɗar rigar sun yi daidai da abin da ke faruwa idan mutum ya ɗaga wuƙa sama yana sara, jinin na fantsama baya. Wasu masana daga baya sun ce rigar an yanke ta daga jikinta an cusa a jaka tana jiƙe, don haka jini na iya naso daga wannan wuri zuwa wancan. A gefen kariya kuma, Dokta Vincent Di Maio, babban likitan binciken gawa na San Antonio, ya gaya wa kotu cewa raunukan Darlie ba su yi kama da waɗanda mutum ke yi wa kansa ba.

Safar da ke bayan layi

Abu ɗaya ne ya ƙi shiga labarin gwamnati salin-alin. A wani lungu mai nisan kusan mita 70 daga gidan, an tsinci safa ɗaya mai ɗauke da jinin Devon da na Damon. Safar daga gidan ta fito.

Likitar da ta binciki gawar Damon ta ce da irin raunukansa ba zai wuce kimanin minti 9 a raye ba. Kiran gaggawan ya ci kusan minti 6, ɗan sanda na farko ya iso tana kan wayar, kuma ma'aikatan lafiya sun tarar da yaron da sauran numfashi. Lauyoyinta suka tambaya: a cikin 'yan mintunan da suka rage, yaushe ta ruga lungu ta yar da safa, ta dawo, ta yanki wuyanta, ta wanke wurin wanke-wanke, ta fasa tambulan, ta kifar da injin shara, ba tare da ta ɗiga jininta ko sau ɗaya a hanya ba? Gwamnati ta ce ita ce ta kai safar don ta ɓatar da sawu, kuma an samu DNA ɗinta a jikin safar. Masu kare ta suka ce safar gidanta ce, ita ke wanke ta, ita ke ninke ta, don me ba za a samu ba?

Bikin da aka yi a maƙabarta

Kwana 8 bayan kisan, ranar da Devon zai cika shekara 7, dangi suka taru a kan kabarin yaran. Wani gidan talabijin ya ɗauki Darlie tana murmushi, tana taunar cingam, tana fesa wani abin wasan yara mai fitar da zare kala-kala a kan kabarin. Hoton ya girgiza Texas. An mayar da shari'ar zuwa ƙaramin garin Kerrville saboda yadda labarin ya cika Dallas, amma mutum 12 da aka zaɓo daga jama'ar gari don su yanke hukunci sun kalli faifan, sun kuma sake kallonsa sau da dama. Abin da ba su gani ba shi ne addu'ar da dangin suka yi cikin kuka kafin bikin, wadda 'yan sanda suka naɗa a ɓoye.

Masu gabatar da ƙara, ƙarƙashin Greg Davis, sun zana ta a matsayin mace mai son duniya: gashin da ta rina, gwala-gwalai, motar Jaguar, ga kasuwancin mijinta yana tangal-tangal, ga banki ya hana su rancen dala 5,000. Sun karanta abin da ta rubuta a littafin sirrinta wata guda kafin kisan, inda ta nuna tana tunanin kashe kanta. Amma inshorar ran yaran biyu dala 10,000 ce gaba ɗaya, kuɗin da bai wuce hidimar jana'iza ba, kuma jaririn da ya fi kowa cin kuɗi da lokaci ba a taɓa shi ba.

Da kisan Damon kaɗai aka tuhume ta a zaman, domin a dokar Texas ta lokacin kashe yaron da bai kai shekara 6 ba laifi ne mai hukuncin kisa. Ranar 1 ga Fabrairun 1997 aka same ta da laifi, ranar 4 aka yanke mata hukuncin mutuwa ta hanyar allura.

Abin da ya fito daga baya

Da aka zo ɗaukaka ƙara, sai aka gano rubutaccen kundin zaman kotun cike yake da kurakurai, kimanin 33,000. Marubuciyar kotun ta rasa lasisinta, aka sa wata ta sake haɗa kundin. Ɗaya daga cikin mutum 12 ɗin nan ya fito ya rantse cewa bai ga hotunan hannayen Darlie da suka yi baƙi ba, kuma da ya gani da bai amince da hukuncin ba. Barbara Davis, wadda ta rubuta littafi tana tabbatar da laifin Darlie, ita ma ta canza ra'ayi bayan ta ga hotunan. A 2002 Darin ya amsa cewa watanni kafin kisan ya yi cigiyar wanda zai yi wa gidan sata ta haɗin baki don ya karɓi kuɗin inshora, ko da yake ya ce maganar ba ta je ko'ina ba. Ba a taɓa tuhumarsa da kisan ba. Akwai kuma zanen yatsa mai jini a kan wani teburin gilashi a falon, wanda har yanzu masana ba su daidaita a kan mai shi ba: na gwamnati ya ce ba za a iya cire Darlie daga zargi ba, na kariya suka ce ba nata ba ne.

Duk da haka, a 2003 babbar kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka ta Texas ta tabbatar da hukuncin. A 2008 ta ba da izinin sabon gwajin DNA, kuma sakamakon da aka bayyana bai fito da wani baƙo ba. Waɗanda suka gurfanar da ita suna nan kan bakansu, suna cewa ba shaida ɗaya suka dogara da ita ba, tarin shaidu ne da duk suka nuna wuri guda.

Irin wannan taƙaddama ba sabuwa ba ce a Amurka. A 1970 an kashe matar wani likitan soja, Jeffrey MacDonald, da 'ya'yansu mata biyu a barikin Fort Bragg, da wuƙaƙen girki, da tsinken fasa ƙanƙara, da guntun katako. Shi ma ya ce baƙi ne suka shigo, shi ma an ji masa rauni, kuma a 1979 aka ɗaure shi rai da rai a kan shaidar zare da jini. Shi ma bai daina musantawa ba.

Abin da ya canza tun lokacin shari'ar Darlie shi ne yadda masana kimiyya suke kallon irin waɗannan shaidu. A 2009 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto mai zafi, inda ta ce fassarar fasalin ɗigon jini tana tattare da rashin tabbas mai yawa, kuma kamannin zare da zare ba ya tabbatar da cewa daga abu ɗaya suka fito. A 2015 hukumar FBI ta amsa cewa a sama da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in da ta sake dubawa, masananta sun zuzuta shaidar kamannin gashi fiye da abin da kimiyya ta yarda. Texas kanta ta yi doka a 2013 da ta ba fursuna damar komawa kotu idan kimiyyar da aka ɗaure shi da ita ta canza.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya wanke Darlie Routier. Mai hankali yana iya duba wuƙar burodi, da ƙurar bakin taga, da gwala-gwalan da ba a taɓa ba, ya ce ita ce. Wani mai hankalin ya duba safa, da yankan wuya, da zanen yatsan nan, ya ce da sauran bincike. Amma hukuncin kisa ba a warware shi bayan an zartar, kuma bai kamata a ɗora shi a kan zare ɗaya da ake gardamar asalinsa, ko a kan yadda mace ta yi makoki a gaban kyamara ba. Yaran biyu ma suna da haƙƙin a san wanda ya kashe su ba tare da kokwanto ba, domin in har baƙo ne, ya yi shekaru yana yawo a gari.

Shirin talabijin na The Last Defense da tashar ABC ta nuna a 2018 ya sake tayar da maganar, kuma ƙungiyar Innocence Project, mai bin kadin waɗanda take ganin an ɗaure bisa kuskure, ta shiga cikin lauyoyinta. Abin da suka nema shi ne a gwada safar, da rigar barcin, da sauran kayan da ke ajiye a hannun hukuma da na'urorin zamani, a kuma bi zanen yatsan a cikin rumbun bayanan 'yan sanda na ƙasa. Darin ya rabu da ita a 2011, amma ya ci gaba da cewa ba ita ba ce. Tuhumar kisan Devon kuwa, babban ɗan, ba a taɓa kai ta gaban masu yanke hukunci ba.